Tsare Yaro Daga Abincin Da Jikinsa Ya Ƙi Sa'ad Da Yake Kwance A Asibiti

Jawabi ga iyaye da masu jinya a Zabarmari, Ƙaramar Hukumar Jere, Jihar Borno

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta yaron da wani irin abinci bai karɓe shi ba, da yadda za a tsare shi idan wata lalura ta sa an ba shi gado a asibiti. Wani zai ce, ai asibiti gidan magani ne, me za a ji wa tsoro a can? To, a gida uwa ta san tukunyarta, ta san abin da ta zuba a ciki. A asibiti kuwa hannuwa da yawa ne ke miƙa wa yaro abinci: na ma'aikata, da na dangi, da na 'yan dubiya, da na maƙwabciyar gado. Cikin waɗannan duka, mai jinya kaɗai ce ta san tarihin yaron. In ta yi shiru, ba wanda zai sani.

YADDA CIWON YAKE

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin waɗansu yara, garkuwar nan takan yi kuskure, ta ɗauki abinci mai kyau kamar gyaɗa ko madara a kan abokin gaba. Da zarar abincin ya shiga, sai jiki ya tayar da yaƙi, ya saki waɗansu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira histamin. Su ne ke jawo ƙaiƙayi, da kumburi, da ƙurajen nan masu tudu da muke kira borin jini. Likitoci na kiran wannan hali alaji, sunan da wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya raɗa masa a 1906. Mafi tsananinsa shi ake kira anafilaksis, watau jiki ya rikice gaba ɗaya, numfashi ya toshe, jini ya yi ƙasa. Masanan Faransa biyu, Charles Richet da Paul Portier, su ne suka bayyana shi a 1902.

Alamun sukan fito cikin 'yan mintoci, har zuwa awa biyu bayan cin abincin. Kuma ɗan kaɗan ya isa. Abin da ya maƙale a jikin cokali yana iya tayar da ciwon, dafuwa ko suya kuwa ba sa kashe kaifin gyaɗa. Wannan dabam yake da kumburin ciki da gudawa da waɗansu ke yi in sun sha madara da yawa, domin wancan rashin narkewa ne kawai, ba ya toshe numfashi.

INDA ABINCIN KE ƁUYA

Abincin da aka fi samun wannan matsala da su a duniya su ne madara, da ƙwai, da gyaɗa, da kifi, da jatan lande, da alkama, da waken suya, da riɗi, da 'ya'yan itatuwa irin su yazawa. A Amurka doka ta tilasta a rubuta sunayensu a jikin kayan abinci, riɗi ne na tara da aka ƙara tun farkon 2023. Mu kuwa yawancin cimarmu daga tukunya take, ko daga farantin talla, ba ta zuwa da rubutu. Saboda haka sai mun san inda kowanne ke ɓuya.

Ku ɗauki gyaɗa. Kowa ya san tana cikin kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Amma tana cikin yajin tsire da kilishi, da miyar taushe, da kwaɗon rama da na zogale, da dakuwa, da garin kunun nan na haɗi da ake kira Tom Brown, wanda ake haɗa hatsi da waken suya da gyaɗa. Man gyaɗa na matsar gida ma yana ɗauke da ita, don haka ƙosai ko wainar da aka soya da shi ba su kuɓuta ba. Madara tana cikin fura da nono, da kindirmo, da man shanu, da shayi, da biskit. Yaron da madarar shanu ba ta karɓe shi ba, galibi ta akuya da ta tunkiya ma ba za su karɓe shi ba. Kifi yakan narke a miya a ƙi ganinsa, musamman banda da ake kawowa daga Baga. Waken suya shi ne awara, riɗi shi ne kantu, alkama ita ce burodi da taliya da alkaki.

RANAR KARƁAR GADO

Ko an tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko wani ƙaramin asibiti na kusa, aikin farko ɗaya ne. Tun wurin yankar kati, kafin a tambaye ku, ku faɗa. Ku gaya wa likita abu huɗu: wane abinci ne, me ya faru da yaron ya ci, bayan minti nawa alamun suka fito, da kuma maganin da aka ba shi. In yana da asma, lalle ku ambata, domin ita ke ƙara wa abin haɗari. In akwai maganin da ya taɓa yi masa illa, kamar allurar fenisilin, ku haɗa da shi.

Sa'an nan ku roƙa a rubuta a bangon fayil ɗinsa da manyan baƙaƙe, a kuma liƙa takarda a kan gadonsa. Dalili kuwa shi ne ma'aikatan asibiti suna canjin aiki, nas ɗin safe ba ita ce ta dare ba. Duk sa'ad da kuka ga sabuwar fuska, ku maimaita. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin tuni.

Akwai wurare biyu da ake mantawa. In za a yi wa yaro tiyata, ku gaya wa likitan da ke sa barci, domin ya zaɓi magungunansa da saninsa. Haka kuma wajen rigakafi: allurar shawara, wadda ake yi wa yara a wata 9, a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarta, saboda haka yaron da ƙwai ya taɓa yi masa mummunar illa sai likita ya duba shi tukuna. Allurar ƙyanda kuwa ba ta da wannan matsala, kada a hana yaro ita don batun ƙwai.

YARA MASU TAMOWA

Nan ina so ku ƙara kasa kunne, domin yara da yawa a wannan jiha tamowa ce ke kai su asibiti. Yaron da aka kwantar don tamowa mai tsanani, da madara ta musamman ake fara masa magani, wadda ake kira F-75, kāna daga baya a koma F-100. Dukansu biyu daga madarar shanu aka yi su. In ya fara farfaɗowa, sai a ba shi abincin nan mai laushi na cikin 'yar jaka, irin su Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi ƙwarai a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005. Jaka ɗaya giram 92 ce, abin da ke cikinta kuwa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran gina jiki.

Wannan abinci ya ceci rayukan yara masu ɗimbin yawa, kuma mafi yawan yara suna cinsa lafiya lau. Kada wani ya tashi daga nan ya ce an ce a guje shi. Abin da ake nema shi ne, in gyaɗa ko madara sun taɓa kumbura wa yaro baki, ko sun fito masa da borin jini, ko sun sarƙe masa numfashi, a faɗa kafin a ba shi lomar farko. Da ma a gaban ma'aikata ake gwada cin yaro kafin a ba uwa jakunkunan ta tafi da su gida. Likita shi zai yanke shawara, ko a gwada a gabansa da magani a kusa, ko a nemo wata hanya. Haka kuma in kuna ɗaki ɗaya da masu cin wannan abinci, ku kula da ɓawon jakar da aka yar, da hannun yara in suna wasa tare.

'YAN DUBIYA DA MAƘWABTAN GADO

Dubiya ɗabi'armu ce mai kyau, kuma a asibitocinmu yawancin abincin marar lafiya daga gida yake zuwa. Gwaggo ta zo da kunu, kawu ya zo da tsire, maƙwabciyar gado ta gutsura wa yaro abin da ɗanta ke ci. Dukansu alheri suke nufi. Uwa kuma kara ta hana ta magana, musamman in mai bayarwar suruka ce ko wata babba. To, abincin wani gubar wani. Kunyar minti ɗaya ba ta kai ran ɗa ba.

Dabarar ita ce a tsai da doka ɗaya tun ranar farko: hannu ɗaya ne zai riƙa ba yaron abinci. Duk abin da aka kawo, a karɓa da godiya, a ajiye wa manya. Uwa tana iya cewa, "Inna, mun gode Allah ya saka, amma likita ya ɗora shi a kan abinci na musamman." Ba wanda zai ji zafin wannan. Maigida kuma ya ɗauke wa matarsa nauyi, shi ya sanar da danginsa tun kafin su zo, ya kuma tabbata mai dafa abincin a gida ta san abin da aka hana.

A ware wa yaron kwanonsa da kofinsa da cokalinsa, kada a yi aro. A wanke hannu da sabulu da ruwa kafin a ba shi abinci, domin ruwan shafawar nan na kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire maiƙon gyaɗa. In za a canji mai jinya, wadda za ta tafi ta yi wa mai zuwa bayani dalla-dalla. Yaron da ya yi wayo kuwa a koya masa ya ce, "Sai na tambayi innata." Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, kada ta daina cin wani abu sai likita ya ce.

IN ABIN YA FARU

Ƙaiƙayi, da borin jini, da kumburin leɓe ko fatar ido, da amai, su ne alamun farko. A dakatar da abincin, a kira nas nan take, a zauna a sa wa yaron ido. Alamun haɗari kuwa su ne: murya ta disashe, tari ya sarƙe, numfashi yana fito, harshe ya kumbura, haɗiya ta gagara, ko yaro ya yi fari fat ya saki jiki. Da ganin ɗaya daga cikinsu, ku ɗaga murya ku nemi taimako, ko da tsakar dare ne, ku faɗi abin da ya ci da lokacin da ya ci.

Maganin wannan hali allurar adiranalin ce, wadda ake yi a tsokar cinya ta waje, gwargwadon nauyin yaro, ana kuma iya maimaitawa bayan minti 5 in bai yi sauƙi ba. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi, amma ba ta buɗe maƙogwaro, kada a dogara da ita. Kada a ɗura wa yaro manja ko madara ko jiƙo, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ke wahala a bar shi zaune, amma kada a miƙar da shi tsaye. Ko ya warware, kada a yi gaggawar neman sallama, domin wani lokaci abin yakan dawo bayan 'yan awoyi.

ZATO BA TABBAS BA NE

Yadda sakaci ke da haɗari, haka hana yaro abinci a kan zato. Yaron da aka hana gyaɗa da ƙwai da kifi da madara ba dalili, an buɗe wa tamowa ƙofa. Gwajin jini kansa ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Wani bincike da aka yi kan 'yan makaranta a Gana, aka buga a 2013, ya sami yara da yawa da jininsu ya nuna alamar ƙin gyaɗa alhali suna cinta lafiya, kuma an ga alaƙar hakan da cutar tsargiya. Ku da 'ya'yanku ke shiga ruwan fadamar shinkafa, wannan ya shafe ku. Likita yana haɗa gwaji ne da labarin da kuka ba shi. Wani binciken da aka yi a Ingila kan jarirai 640, aka buga a 2015, ya nuna cewa fara ba jariri gyaɗa da wuri yana rage aukuwar ciwon ƙwarai. Ke nan bayan wata 6 na nono zalla, kunun gyaɗa alheri ne ga jaririn da bai taɓa nuna alama ba. Mai ƙurajen fata masu tsanani kaɗai za a fara kai wa likita. Yawancin masu ƙin madara da ƙwai sukan rabu da abin in sun girma, na gyaɗa kuwa kamar ɗaya cikin biyar ne, amma kada a gwada a gida.

Ranar sallama, ku nemi a rubuta muku takarda mai sunan abincin, da alamun, da maganin da aka yi. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta cinye kayan gidaje da yawa a Maiduguri da Jere, har da takardu. Saboda haka ku sa takardar a leda, ku ɗauki hotonta a waya, ku kuma sanar da malamin makaranta da na allo.

Jama'a, likita yana da ilmin magani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku faɗa tun farko, ku sa a rubuta, ku tsare hannun da ke ba yaro abinci, ku kira taimako da wuri. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka da zama lafiya.