WA YARONMU ZAI RUGA WURINSA DA DARE?

Jawabi a kan aikin limamin makarantar kwana, wanda aka gabatar wa dattawa da iyaye na ikilisiyoyin yankin Jega, Aliero da Maiyama a Mungadi

Mun gode wa Allah da ya kawo mu Mungadi lafiya. Mun san an bar gona, an bar kasuwa, waɗansu tun da asuba suka hau babur. Ubangiji ya sāka muku.

An roƙe mu mu yi magana a kan aikin limamin makarantar kwana, wanda aka fi sani da caflen, kamar yadda Ikilisiyar Angilikan ta tsara shi. A cikinmu akwai 'yan ECWA, da UMCA, da Baftis, da Katolika. Kada kowa ya ce maganar ba tasa ba ce, domin 'ya'yanmu ɗaki ɗaya suke kwana a makaranta, layi ɗaya suke bi su karɓi tuwo.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Sakandare shekara 6 ce, kowace shekara zango 3, wato kusan wata 9 yaro ba ya gida. In aka tara, wata 54 ke nan, shekara huɗu da rabi cur. Yaro yana barin hannunmu yana da shekara 11 ko 12, ya dawo mana da gemu ya fara tsirowa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, a cikin waɗannan watanni 54, hannun wa ke tanƙwara namu?

Sama'ila da Eli

Mun karanta 1 Sama'ila sura 3 da safe. In mun lura, Sama'ila ɗan makarantar kwana ne. Hannatu ta kai shi Shilo tun yana ƙarami ta bar shi, kuma sau ɗaya a shekara take zuwa da 'yar rigar da ta ɗinka masa, kamar yadda iyayenmu mata ke zuwa ranar ziyara da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Da dare ya yi, yaron ya ji ana kiransa, bai gane muryar ba. Me ya yi? Ya tashi ya ruga wurin Eli, har sau uku. Eli tsoho ne, idonsa ya dushe, 'ya'yansa na cikinsa ma sun gagare shi. Amma yana kwance kusa, yaron ya san inda zai same shi. Kuma da Eli ya gane Allah ne ke kira, bai riƙe yaron a wurinsa ba, ya koya masa yadda zai amsa wa Ubangiji da bakinsa.

Aikin caflen ke nan a taƙaice. Mutum ne da ke kusa lokacin da uwa da uba suke nesa, wanda yaro zai iya tasa da dare ba tare da tsoro ba, wanda kuma zai nuna wa yaron Allah.

Inda aikin ya samo asali

A Ingila, makarantun kwana sun daɗe da limamai. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, ya ɗauki aikin da nauyi har ya karɓe shi da kansa, yana yi wa ɗalibai wa'azi ranar Lahadi.

Amma ba sai mun je Ingila ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya, ya tara yara a gidansa, yana koya musu karatu, suna zaune tare da shi, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Shi ne kuma ya ɗauki babban nauyin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Daga wannan ƙaramar jama'a ta Wusasa aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Su ma tsiraru ne a tsakiyar jama'a mai yawa, kamar mu. Abin da suka samu shi ne manya waɗanda suka zauna tare da yara. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Daga nan nauyin ya koma kan malamai masu bi da ƙungiyar FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957. Da yawa a cikinmu a FCS muka karɓi Yesu, kuma ba za mu manta ba.

Abin da caflen yake yi

A tsarin Angilikan, caflen limami ne da aka naɗa, kuma Bishop ne ke ba shi izinin yin hidima a makarantar. Iyayen gidansa biyu ne. A kan al'amuran ruhaniya yana ƙarƙashin Bishop, a kan dokar makaranta da lokutanta yana ƙarƙashin shugaban makaranta. Wanda ya raina ɗaya daga cikinsu ba zai daɗe ba.

Aikinsa na fari sujada ce. Addu'ar safe da ta yamma, sujadar Lahadi, da Jibin Ubangiji. Yana bi da yara cikin shekarar ikilisiya, daga shirin Kirsimati zuwa kwana 40 na azumi da ke farawa ran Larabar Toka, har Ista da Fentikos. Yaron da ya bi wannan zagaye sau 6 ya ji labarin ceto sau 6 daga farko har ƙarshe.

Na biyu koyarwa ce. Shi ke shirya yara domin baftisma da tabbatarwa, ya koya musu Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da Dokoki Goma, da Addu'ar Ubangiji, kafin Bishop ya zo ya ɗora musu hannu. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da wuraren da masu bi suke da yawa. Ɗanmu zai zauna benci ɗaya da abokinsa wanda tun yana shekara 5 yake zuwa makarantar allo, ya san addininsa sarai. Wata rana abokin zai tambaye shi, ba da mugunta ba, me ya sa kuke cewa Allah yana da Ɗa? In namu bai taɓa jin amsa ba, ko dai kunya ta kama shi ya fara shakka, ko kuwa ya fusata ya faɗi abin da bai kamata ba.

Na uku kiwo ne, kuma a nan aikin ya fi nauyi. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, daga nesa ake kawo musu masu karaya. Mai ɗori ba ya aiki daga nesa, sai ya kama ƙafar da hannunsa, ya lallaba ya ji inda ƙashin ya goce, sa'an nan ya riƙa dubawa har ya haɗe. Karayar yaro a makarantar kwana ba a ganinta daga bagade. Akwai ɗan aji ɗaya da ke fitsarin kwance, 'yan ɗaki suna yi masa waƙa. Akwai wanda siniya ya ƙwace wa abinci sati guda. Akwai yarinyar da ta fara al'ada ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Akwai ɗan aji shida da aka ce ya kawo kuɗi a sayi amsar WAEC ko NECO, lamirinsa yana damunsa. Ba ɗayansu da zai ɗaga hannu a cikin sujada. Sai wanda ke zagawa ɗakin cin abinci, da ɗakin marasa lafiya, da bakin fili, shi ne zai lura wane ya rame, wance ta daina dariya.

A nan za mu faɗi laifinmu. Shekarun baya an ba mu duba ɗalibai masu bi a wata makaranta, muna zuwa ran Lahadi, mu yi wa'azi, mu hau babur mu koma. Wani yaro mahaifinsa ya rasu ran Talata. A bakin wani ɗalibi ɗan garinsu ya ji, a bakin famfo. Kwana biyar yana kuka cikin bargo, ba wanda ya zauna da shi. Da muka zo ran Lahadi muka yi wa'azi mai zafi a kan farin ciki cikin Ubangiji, yana zaune a layin gaba. Sai bayan wata guda muka sani. Tun ran nan muka gane cewa wa'azin Lahadi kashi ɗaya ne cikin goma na wannan aiki.

Na huɗu, caflen mai sulhu ne. Ya kamata ya san limamin masallacin makaranta, su gaisa, su je wa juna ta'aziyya da barka, domin ranar da gardama ta tashi tsakanin ɗalibai, su biyun ne za su kashe wutar tun tana ƙarama. Dukanmu muna tune da abin da ya faru da wata ɗaliba a Sakkwato cikin watan Mayu 2022. Ba abin da zai halatta zub da jini. Duk da haka wajibi ne a koya wa 'ya'yanmu su tsaya a kan bangaskiyarsu da ladabi, su kiyaye harshensu, da abin da suke aikawa ta waya.

Haka kuma ba mu manta da 17 ga Yuni 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, waɗansu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugabanta. Harsashi bai tambayi addinin kowa ba. Caflen ba soja ba ne, amma yaran da ke firgita in ƙofa ta buga da dare suna bukatar wanda zai yi addu'a da su, ya kuma faɗa wa hukuma gaskiya in katanga ta rushe.

Iyakokin aikin

Caflen ba ɗan sandan shugaban makaranta ba ne. Ran da ya ɗauki bulala, ko ya kai tsegumin abin da yaro ya faɗa masa a asirce, ran nan ƙofarsa ta rufe. Asiri ɗaya ne ba ya riƙewa, wato in ran yaro yana cikin haɗari ko wani babba yana lalata da shi. Wannan dole ya kai gaba, ko wane ne mai laifin, ko da ɗan ikilisiya ne. Shi kansa ba ya ganawa da ɗaliba a ɗaki a rufe. A makarantar 'yan mata sai da mace mai tsoron Allah a gefensa.

Ba kuma ɓarawon tumaki ba ne. Ɗan ECWA ya shiga, ɗan ECWA zai fita. In yaro ya nemi baftisma, a sanar da iyayensa da fastonsa na gida.

Me za mu yi?

Gaskiya ita ce yawancin 'ya'yanmu makarantun gwamnati suke, inda ba lalle a sami kujerar caflen ko albashinsa ba. Amma ba a hana mu aikin ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa. Wannan doka tana kāre ɗanmu, tana kuma kāre ɗan maƙwabcinmu daga gare mu. Saboda haka muna kawo shawara biyar.

1. Kowace ikilisiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da ke makarantar kwana, da ajinsu, da makarantarsu, kafin zango mai zuwa. Makiyayin da bai san yawan garkensa ba, ba zai san an rasa ɗaya ba.

2. Mu rubuta wa Bishop na Dayosis ɗin Kebbi a Birnin Kebbi, da shugabannin sauran ɗarikunmu, a keɓe wa kowace makaranta mutum ɗaya sananne. In ba limami, a sa katikis ko malami mai bi da ke zaune cikin makarantar, limami ya riƙa zuwa ba da Jibi.

3. Mu shiga ta ƙofa. Dattawa biyu su raka shi wurin shugaban makaranta da takarda, a nemi aji ɗaya da lokaci sananne, cikin girmamawa. Ba a shiga gidan mutum ta katanga.

4. Mu ɗauki nauyin man babur ɗinsa, domin ya je tsakiyar mako, ba Lahadi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowane gida ya ware mudu ɗaya lokacin kaka, mai gero ya kawo gero, mai albasa ya kawo albasa, za a ga abin da zai taru.

5. Iyaye, kada caflen ya zama dalilin da za mu nade hannu. Hannatu ba ta fasa zuwa Shilo ba. Ku je ranar ziyara, ku nemi mai duba ɗanku ku gaishe shi, ku ba shi lambar wayarku. In an yi rasuwa a gida, shi za ku fara kira.

Ya ku dattawa, wataƙila wani zai ce ba mu da mutumin da ya isa. Ku tuna Eli bai cika ba, amma Allah ya yi amfani da shi domin yana nan. A daren nan akwai ɗan wani daga cikinmu da zai farka a ɗakin kwana, zuciyarsa cike da tambaya ko tsoro. Kafin mu tashi daga Mungadi yau, bari kowace ikilisiya ta iya faɗin sunan wanda yaron zai ruga wurinsa.

Ubangiji, Makiyayi Mai Kyau, ya tsare 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu, ya ba jiharmu salama, ya kai kowa gida lafiya. Amin.