Mudun Awon Arzikin Ƙasa: Abin Da Yake Aunawa Da Abin Da Ya Bari

Jawabin nan ya shafi wata tambaya da jama'a suke yawan yi a kasuwanni da wuraren hira, watau yaya za a ji a gidan rediyo cewa tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru, alhali kuwa magidanci bai ga ƙari a tukunyar gidansa ba. Tambayar tana bisa hanya, kuma amsarta tana cikin sanin irin mudun da ake awon da shi.

Babban ma'aunin da gwamnatocin duniya suke aiki da shi, shi ne jimlar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a shekara guda. A Nijeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce take da alhakin wannan lissafi. A ɗauka wani manomi a Funtuwa ya sayar da auduga ta Naira 10,000, masaƙa ta mai da ita yadi na Naira 25,000, tela kuma ya ɗinka riga ya sayar a kan Naira 40,000. Ba za a tara kuɗin nan uku ba, domin da an yi haka, da an ƙirga audugar har sau uku. Abin da ake rubutawa shi ne ƙarin da kowannensu ya yi: manomi 10,000, masaƙa 15,000, tela 15,000, jimla 40,000. Haka ake bin gona da masana'anta da kanti. Har hatsin da manomi ya ci da iyalinsa ba tare da ya kai kasuwa ba, akan ƙiyasta darajarsa a saka.

To, amma mudun kansa yakan tsufa. Cikin watan Afrilu na 2014 Hukumar ta sabunta tsarin lissafinta, ta bar ginawa a kan yanayin shekarar 1990 ta koma ta 2010, ta kuma ba da cikakken muhalli ga sana'o'in da suka bunƙasa a tsakani, kamar wayar salula da shirya finafinai. Sai ga shi arzikin shekarar 2013, wanda a da aka ce wajen Dala biliyan 270 ne, ya tashi wajen biliyan 510, Nijeriya ta shige gaban Afirka ta Kudu. Lalle alƙaluman sun fi na da kusantar gaskiya, amma ba wanda ya wayi gari da ƙarin ko kwabo a aljihunsa. Da darajar Naira ta faɗi a 2023 da 2024, sai ƙasar ta sauka daga matsayi na farko a awon Dala, ko da yake gonaki da kasuwanni suna nan inda suke.

Akwai kuma abin da mudun ba ya ɗauka ko kaɗan. Uwar gida da take girki da reno da jinyar marar lafiya, aikinta ba ya shiga lissafi, amma da an ɗauki ɗan aiki an biya shi, da ya shiga. Haka nan idan aka raba jimlar ga yawan jama'a, rabon da zai fito na takarda ne kawai, ba ya nuna wanda ya ƙoshi da wanda ya kwana da yunwa. Masani Simon Kuznets, wanda ya miƙa wa majalisar dokokin Amurka irin wannan lissafi a 1934, shi da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauke shi a matsayin awon jin daɗin jama'a.

Saboda haka ne aka samar da wasu ma'aunai. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara awon cigaban ɗan Adam, wanda yake haɗa tsawon rai da ilmi da abin samu. A 2022 kuwa Hukumar Ƙididdiga ta fitar da sakamakon wani bincike da ya duba lafiya, da ilmi, da yanayin zama, da aikin yi a gidajen Nijeriya. An sami mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta wannan awo: kashi 72 a karkara, kashi 42 a birane. Jihar Ondo tana da kashi 27, ta Sakkwato kuwa kashi 91. Irin waɗannan alƙaluma ne suke nuna inda ya kamata a fara haƙa rijiya ko gina asibiti da makaranta.

Duk wannan aiki yana farawa ne daga ƙofar gida, inda ma'aikacin bincike yake yin sallama da takardar tambayoyi. Mutane da dama, saboda tunawa da zamanin haraji da jangali, sukan rage yawan dabbobinsu ko amfanin gonarsu, wasu kuma su ɓoye yaran da ba sa zuwa makaranta. Ƙauyen da ya ɓoye rashinsa, a takarda zai fito kamar ba shi da bukata, a tsallake shi a lokacin tsara ayyuka. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta wajabta a riƙe amsar kowane mutum a asirce. Jimla kawai ake bugawa, ba tare da sunan kowa ba. Mai gida yana da ikon neman ma'aikacin ya nuna masa katin shaidarsa kafin a shimfiɗa masa tabarma.