Makamashi: Ire-irensa da Yadda Yake Sauya Kama

A ilimin fiziks, makamashi shi ne ikon yin aiki, aiki kuwa shi ne a sa ƙarfi a kan abu har ya gusa daga inda yake. Ana auna su biyun da jul, ma'aunin da aka raɗa wa sunan James Joule, masanin Ingila da ya rayu daga 1818 zuwa 1889. Jul ɗaya bai taka kara ya karya ba: kusan shi ake kashewa wajen ɗaga abu mai nauyin giram 100 sama da tsawon mita ɗaya. Saurin kashe makamashi kuma da wat ake auna shi, wato jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Yunit ɗaya na mitar wutar gida shi ne wat dubu na tsawon awa ɗaya, jul miliyan 3.6 ke nan.

Iri biyu ne tushen sauran, ajiyayyen makamashi da na motsi, kuma ana ganinsu tare a bakin turmi. Idan mai daka ta ɗaga taɓarya mai kilo 3 sama da rabin mita, ta ajiye kimanin jul 15 a cikinta. A ƙiftawar idon da taɓaryar ta tsaya a sama ba ta motsi, amma makamashin yana nan, ajiye yake saboda tsayin da ta kai da kuma janyowar ƙasa. Da ta fara saukowa, ajiyayyen yana raguwa, na motsi yana ƙaruwa daidai gwargwado. Tana dira a kan gero sai ya rarrabu: wani ya fasa tsaba, wani ya zama ƙarar da maƙwabta ke ji, saura ya zama ɗumi, shi ya sa hatsin da aka daɗe ana sussuka ko surfawa yake ɗaukar zafi a hannu.

Makamashin motsi yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane direba ya sani. Lissafinsa shi ne rabin nauyin abu, a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudun. Saboda haka idan gudu ya ninka, makamashin ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Mota mai tan ɗaya da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana ɗauke da kimanin jul 96,000. A kilomita 100 tana ɗauke da kusan 386,000. Aikin birki shi ne ya mayar da wannan duka zafi ta hanyar gogayya, don haka tazarar tsayawa ma takan kusan ninka huɗu. In birki bai samu wannan tazarar ba, ƙarfen mota da jikin fasinja ne za su karɓi ragowar. Da an koyar da wannan lissafi a tashoshin mota yadda ake koyar da shi a aji, da rayuka da dama sun tsira.

Sauran ire-iren ana iya ratsa su a taƙaice. Zafi motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu, motsin da ba shi da alkibla. Makamashin sinadari yana ajiye ne a yadda ƙwayoyin zarra suka ɗaure da juna, a itace, da fetur, da batir, da tuwo. Babban mutum yana ƙona abincinsa a kimanin wat 100 ko yana zaune. Haske makamashi ne da ke ratsa sarari ba tare da buƙatar iska ko waya ba. Lantarki shi ne mafi sauƙin aikawa nesa. Na nukiliya kuwa yana can cikin cibiyar zarra, shi ne ake nema a yuraniyom ɗin Arlit a Jamhuriyar Nijar, kuma shi ke kunna rana, inda haidurojin ke haɗewa ya zama hiliyom. Albert Einstein ya nuna a 1905 cewa nauyi da makamashi abu guda ne ta fuska biyu.

Abin da ya haɗa waɗannan duka doka ɗaya ce: ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma hallaka shi, kama kawai yake sauyawa. Likitan Jamus Julius Robert Mayer ya faɗi haka a 1842, Hermann von Helmholtz ya shimfiɗa ta da lissafi a 1847, amma Joule ne ya kafa ta da awo. Ya rataya nauyi a igiya, igiyar na naɗe da sanda mai fukafukai a cikin tukunyar ruwa. Nauyin na sauka, fukafukan na dama ruwan, shi kuma yana duban ma'aunin zafi. Ɗumin da ruwan ya ƙara ɗan mitsitsi ne, amma duk lokacin da ya maimaita, adadin aiki iri ɗaya yana ba da adadin zafi iri ɗaya. A awon yau, jul 4.2 ne ke ƙara wa giram ɗaya na ruwa digiri ɗaya.

Madatsar Kainji, wadda aka kammala a kan kogin Kwara a 1968 da ƙarfin megawat 760, ta isa misalin doguwar silsilar sauyi. Farkonta rana ce, ita ke turara ruwan teku ya hau sama. Ya sauko damina a tsaunukan Gini da sauran ƙasashen da kogin ke ratsawa, ya gangaro, madatsa ta tare shi a tudu. Tan ɗaya na ruwa da ya faɗo mita 10 yana sakin jul 98,000. Idan aka buɗe masa hanya, yakan faɗa kan manyan farfeloli ya juya su, su kuma su juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla. Michael Faraday ne ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana haifar da lantarki, kuma kusan duk wutar duniya har gobe a kan wannan take tsaye. Daga nan wuta ta bi layi, ta isa fanka a wani ɗaki a Zariya, ta sake zama motsi. Shiroro da Jebba haka suke aiki. Tashar Egbin ta Legas gas take ƙonawa, ta Sonichar da ke yankin Agadas kwal, amma su ma tururi suke samarwa don ya juya farfela.

To, idan makamashi ba ya ƙarewa, me ya sa mai ke ƙarewa a tanki? Amsar ita ce a kowane sauyi wani kaso yana zama zafi ya watsu, kuma zafin da ya watsu ba ya taruwa da kansa. Tamkar ruwan tulu ne da ya zube a rairayi: bai ɓace daga duniya ba, amma ba mai kwaso shi ya sha. Zafi daga abu mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, ba ya juyowa sai an biya da aiki, kamar yadda firji ke yi. Tun 1824 injiniyan Faransa Sadi Carnot ya nuna cewa duk injin da ke aiki da zafi yana da iyakar da ba zai ƙetare ba, komai kyan ƙirarsa. Litar fetur tana ɗauke da jul sama da miliyan 30, amma abin da injin mota ke mayarwa motsi bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran yana fita ta salansa da lagireto. Ƙaramin janareta ya fi haka asara. Waɗannan dokoki biyu, ta rashin ƙirƙirar makamashi da ta watsuwar zafi, su ne hujjar da ke rushe duk wata na'urar da ake tallatawa cewa tana ba da wuta har abada ba mai, ba rana, ba iska. Wanda ya sayi irinta ya yi asarar kuɗinsa, domin ko dai akwai batir a ɓoye, ko kuma za ta tsaya.

Inda ilimin yake da amfani na kusa shi ne wajen rage asarar. Murhun duwatsu uku yana sakin mafi yawan zafin itace ta gefen tukunya, abin da ke shiga girki kaɗan ne. Murhun da aka kewaye da yumɓu ko ƙarfe yana tattara harshen wutar a gindin tukunya, sai itace kaɗan ya dafa abinci iri ɗaya, hayaƙin da mai girki ke shaƙa ma ya ragu. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutarsa zafi, shi ya sa ƙwan LED mai wat 10 ke haska ɗaki kamar tsohon mai wat 60. Faifan sola kuwa ya tsallake farfela da tururi gaba ɗaya, yana mayar da haske lantarki kai tsaye. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kimanin wat 1,000 ke sauka a kan kowace murabba'in mita, faifan kasuwa kuma yana kama kusan kashi 20 cikin ɗari. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa tana rage wannan, tsananin zafin bazara ma yana rage shi, don haka ake goge faifan a kai a kai, a kuma bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta riƙa ratsawa.