Jawabi Kan Matsayin Mata A Wasan Kwaikwayon Elesin Oba

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan wani wasan kwaikwayo na maƙwabtanmu Yarbawa. Mu dai 'yan kasuwa ne, ba malaman adabi ba, to amma da yake rabin wasan a cikin kasuwa ya gudana, mun ga muna da abin cewa. Sunansa da Turanci Death and the King's Horseman, wato Mutuwa da Mai Dokin Sarki. Wole Soyinka ne ya rubuta shi, aka buga a 1975, kuma shi ne mutumin da ya ci lambar Nobel ta adabi a 1986. A 2022 an mayar da wasan fim da harshen Yarbanci mai suna Elesin Oba, ta nan ne ma da yawanmu muka san shi.

Marubucin ya ce ya gina labarin ne a kan abin da ya faru a garin Oyo a 1946. A al'adar wancan zamani, idan Alafin ya mutu, bayan wata guda mai dokinsa, wanda ake kira Elesin, zai ba da ransa don ya raka shi. Di'o Bature mai suna Pilkings ya hana, ya sa aka kama Elesin aka tsare. Ɗan Elesin, Olunde, wanda ke karatun likita a Ingila, ya dawo gida ya tarar da wannan abin kunya, sai ya mutu a madadin ubansa. Da uban ya ga gawar, shi ma ya shaƙe kansa da sarƙar da aka ɗaure shi da ita. Ba sai mun faɗa ba, kashe kai ba hanyarmu ba ce. Abin da muke so mu duba yau shi ne matan da ke cikin labarin.

Ta farko ita ce Iyaloja, uwar kasuwa. Duk wanda ya taɓa neman rumfa a kasuwannin ƙasar nan ya san wannan sarauta ba ta ado ba ce. A wasan, babu wanda ya kai ta nauyin magana, mace ko namiji. Elesin mutum ne da gari ke lallaɓawa, ana ba shi tufafi masu tsada da abinci mai daɗi saboda nauyin da ke kansa, amma ita ta dube shi ta gargaɗe shi tun kafin ya faɗi. Bayan ya kasa cika alkawari, ita ce ta bi shi har inda aka tsare shi ta faɗa masa gaskiya a gaban Di'o, ba ta ji tsoron kowa ba. Kuma matan kasuwa ne suka ɗauko gawar Olunde a naɗe cikin tabarma suka ajiye a gabansa.

Sai 'yan matan kasuwa masu zuwa makarantar boko. Lokacin da Sajan Amusa ya zo da 'yan sanda biyu don ya kama Elesin, mata suka tare hanya. 'Yan matan nan suka fizge kulake da hulunansu, suka shiga kwaikwayon yadda Turawa ke hira a kulob, har Amusa ya ruɗe ya ƙame musu kamar yana gaban ubangidansa. Iyayen suka ɓarke da murna, suna alfahari da abin da 'ya'yansu suka koyo. Wannan wurin yana ba da dariya, amma kun ga ilimin 'ya mace ne ya kori 'yan sanda ba tare da an zubar da jini ba.

Akwai kuma Jane, matar Di'o. Ta fi mijinta sauraro, ta tsaya ta yi doguwar hira da Olunde tana neman ta fahimta. Duk da haka ita ce ta sa kayan dodon egungun ta tafi rawa da su, kuma da ta ga Olunde bai firgita da zancen mutuwar ubansa ba, sai ta zage shi da cewa shi ma bai waye ba. Tausayinta na gaske ne, fahimtar ce ta gaza.

To jama'a, ga inda muke so ku ba mu hankalinku. Akwai mace ta huɗu, amarya. A yammacin ranar da zai mutu, Elesin ya hango wata yarinya a kasuwa, ya ce shi fa sai ya aure ta kafin ya tafi. Yarinyar nan an riga an yi mata baiko, kuma da wa? Da ɗan Iyaloja na cikinta. Mata suka yi gunaguni, amma Iyaloja ta ce ba a hana mai tafiya wurin magabata abin da ya roƙa, ta ba shi. An tambayi uwar kasuwa, ba a tambayi yarinyar ba. Tun daga farkon wasan har ƙarshensa ba a faɗi sunanta ba, kuma ba ta furta ko kalma ɗaya ba. An ɗaura aure da yamma, kafin gari ya waye sosai ta zama mai takaba.

Abin bai tsaya nan ba. Da Elesin ya zauna a kurkuku yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ya fara da Bature, ya koma kan allolinsa, daga nan ya juyo kan amaryar da ke zaune shiru a bakin ƙofa, wai daɗinta ne ya nauyaya masa ƙafa. Shi ya gan ta, shi ya nema, shi ya matsa, amma ita ce ke da rabon zargi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A ƙarshe Di'o ya matsa zai rufe idon gawar Elesin, Iyaloja ta daka masa tsawa ta hana. Amaryar ce ta tashi ta rufe idon, ta zuba ƙasa a kan fatar idon, sannan aka umarce ta da ta mayar da hankali ga abin da ake fatan yana cikinta. Wato an ɗora mata nauyin gobe, alhali ba a nemi ra'ayinta a kan jiya ba.

Masana sun rabu a nan. Wasu na cewa Soyinka ya girmama mata, tunda su ya ba amanar al'ada da ƙarfin zuciya. Wasu na cewa ya mayar da yarinyar nan kamar kayan da aka miƙa daga hannu zuwa hannu. A ganinmu duka biyun suna cikin wasan, kuma haɗuwarsu ce darasin. Gari yana iya samun mace mai faɗa a ji kamar Iyaloja, amma a gefenta a sami yarinya da ba ta da bakin magana, har ma ta hannun babbar ne aka ba da ƙaramar.

Mu 'yan kasuwa mun san ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya ce ya sallama. Iyayenmu mata da ke nan, da mu iyaye maza, idan babban mutum ya aiko neman 'yarmu, kuma muna jin nauyinsa, wa muke fara tambaya? Malamanmu sun sha karantar da mu cewa ana neman izinin budurwa kafin a aurar da ita. Gaskiya ne shirunta na kunya yana iya zama yarda, amma sai an tambaye ta tukuna, kuma uwa ta fi kowa sanin bambancin shirun kunya da shirun tsoro.

Muna roƙon wanda ya sami dama ya kalli fim ɗin tare da iyalinsa, ya lura da fuskar amaryar nan. Abin da muka yi daidai Allah Ya ba mu lada, inda muka yi kuskure ku yafe mana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.