Hoto a Matsayin Shaidar Zamani: Misali Daga Tambuwal da Kebbe

Takardun ofis sukan rubuta ranar da aka buɗe aikin gwamnati, amma da wuya su rubuta ranar da ya mutu. Wannan giɓi shi ne mai ɗaukar hoto yake cikewa.

Alal misali, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, Boris Mikhailov na birnin Kharkiv a Yukren ya bi tituna yana ɗaukar waɗanda suka rasa aiki da matsuguni. Haka kuma a Bamako, hotunan Malick Sidibé sun adana suturar samari da raye-rayensu a zamanin mulkin gurguzu na Modibo Keita, wato 1960 zuwa 1968.

To, Nijeriya ba ta yi gurguzu ba, amma ta ga zamanin da gwamnati ta zama uwa ma ba da mama. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta na UPE, da shirin ciyar da ƙasa na OFN. A 1986 shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo, gwamnati ta fara janye hannunta.

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Dogon Daji da Tambuwal, ko ya karkata ƙauyukan Kebbe, zai ga abin da wancan zamani ya bari. Ga ajin da iska ta yaye kwanonsa, ga famfon da ya ƙafe har aka mai da shi turken awaki, ga kuma rumfar cajin waya a gefensu. Hoto guda yana iya haɗa alkawarin jiya da dabarar da talaka ya yi bayan alkawarin ya tashi. Dattijon da aka nuna wa irin wannan hoto yakan tuna malamin da ya fara koyarwa a ajin.

Sai dai hoton da ba shi da sunan wuri da shekara, shaida ce marar baki. Bisa ga haka, ya kamata ɗalibai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ɗauki waɗannan wurare, su rubuta suna da rana da bayanin dattawa, su kai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Kowace damina tana cin wani bango, dattawan da suka san labarinsa kuwa raguwa suke yi.