"Na Gan Shi Da Idona": Jawabi Ga Dattawa Da 'Yan Ikkilisiya A Tudun Wada, Zariya



Waɗanda suka ga rikicin watan Maris na 1987 a nan Zariya, da na bayan zaɓen 2011, sun san abin da kan biyo baya idan ƙura ta lafa. 'Yan sanda su zo suna tambaya, wa ka gani? Mutum yana cikin baƙin ciki, sai ya ce, "Wane ne, na gan shi da idona." Ba ƙarya yake nufin yi ba. Amma dare ne, ga hayaƙi, ga gudu, kuma idonsa a kan adda yake, ba a kan fuska ba.

Kotuna sun daɗe da sanin haka. A 1976, a shari'ar Turnbull, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yi gargaɗi cewa mai shaida zai iya zama mai gaskiya, zuciyarsa ba ta ko shakka, amma ya yi kuskure. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta karɓi wannan gargaɗi. Saboda haka in wanda aka ɗaure ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, sai a koma kan shaidarmu a bi ta dalla-dalla: minti nawa ka kalle shi, daga ina, akwai haske, ka san shi dā ma? Babbar tambaya kuwa ita ce, me ka faɗa wa 'yan sanda a ranar farko? A shari'ar Abudu ta 1985 Kotun Ƙoli ta ce a yi hattara da mai shaidar da ya san mutum, bai ambaci sunansa tun farko ba, sai daga baya.

A Amurka wata mata ta nuna Ronald Cotton a 1984, ta rantse shi ne ya yi mata fyaɗe. Ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku kafin gwajin DNA ya wanke shi a 1995, aka kuma gano mai laifin. Wannan ne ke damunmu: in muka nuna wanda ba shi ba, ɗan wani ya tafi kurkuku, mai laifin kuma yana yawo a unguwa.

Don haka muna roƙon dattawa, kada a tara waɗanda abin ya shafa suna haɗa labari, ko suna miƙa wa juna hotuna a waya, kafin kowa ya ba da bayaninsa shi kaɗai. Wanda bai iya karatu ba, a sa a karanta masa bayanin da Hausa kafin ya dangwala. In kuma an jera mutane aka ce ya nuna, yana da ikon ya ce ban tabbata ba.