Gidan sauro ba taru ba ne

'Yan uwa matasan Matameye.

Yau maganar kifi za mu yi. Tabkunanmu na kwarin Korama ba kogin Isa ba ne. Ƙananan ruwaye ne, da rani ya tsananta sai su ja baya. Kifin da ke ciki shi ke haifar na baɗi, in an kwashe shi ƙarami, daga ina wani zai fito?

Amma ku je bakin ruwa ku gani. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, shi wasu ke ja a matsayin taru. Idonsa ba ya barin komai, 'ya'yan karfasa da tarwaɗa masu tsawon yatsa duk ya kwaso su. Wallahi wannan ba su ba ne, shara ce.

Tun 1998 Nijar ta kafa dokar kamun kifi: sai da takardar izini, ba guba, ba abin fashewa. Masunta na kukan cewa ma'aikatan gandun daji ba su zuwa sai ranar karɓar kuɗi, kuma kukan nan a saurare shi. To amma mu da ke sayen ƙananan kifin nan soyayyu da yamma fa? Mu ne kasuwarsu.

Abu biyu nake roƙo. Ku daina saye. Sannan mu je wajen magajin gari tare da Sarkin Ruwa, a tsayar da watannin hutun tabki, a sanar a rediyo da ranar kasuwa.